Awon Yatsan Kaka

"Lafiya lau, sai ciwon gwiwa da ganin fuskarka da sassafe," in ji Kaka. Tana zaune bakin ƙofar ɗakinta, tana ɗinke maɓallin rigar mijinta.

Jikanta Dogo ya durƙusa ya kama hannunta kamar mai gaisuwa. Sai ta ji abu yana zagaye mata yatsa. Ta duba, zare ne.

"Me kake ɗaura min, ɓarawo?"

"Awo nake, amaryata. Kin kusa cika shekara hamsin da aure. An ce shekarar farko takarda ake ba mace, ta ashirin da biyar azurfa, ta hamsin zinariya."

"Takarda? Shi ya sa matarka take ramewa. Ni a shekarar farko kekensa kakanka ya sayar ya kai ni asibiti."

"Keken nan marar birki? Ai an ce da shi ya afka gidanku, kunya ta sa ya ce aure ya zo nema."

"Ƙarya kake. Samari har faɗa suke yi a ƙofar gidanmu. Kai da ka zo a lokacin, ko riƙon takalmi ba za a ba ka ba."

"Miƙe yatsan dai. An ce jijiyarsa har zuciya take kaiwa."

"Tawa gwiwa take kaiwa. Sake ni. Na faɗa wa uwarka ba na son taro, ba na son zobe."

Da gaske take. Tun da idon tsohon ya tafi ta hana a yi maganar bikin. Mutumin da ya yi shekaru yana gyara wa unguwa agogo, ba za ta yarda a ja shi da hannu cikin jama'a ana tausaya masa ba.

Dogo ya rage murya. "Ba uwata ta aiko ni ba. Mijinki ne. Ya ce a tara kowa da kowa. Wai shi ya ƙoshi da kallonki, yanzu a bar mutane su ga abin da ya samu."

Kaka ta ajiye allurar. Ta waiwayi labulen ɗakin, inda take jin tarin tsohon, irin tarin mai saurare. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Haka ya ce?"

"Har ya ce da ni kika aura, da ba ki kai wata biyu ba."

Dariya ta ƙwace mata. Ta murza tsohon zoben azurfarta da ƙyar ta ciro, ta danƙa masa a tafi.

"Ka ci wannan karon. Jefar da zarenka, ga awo. In an gama ka sa wa matarka shi. Kuma ka ce wa maƙerin ya yi nawa da kauri, na bayan taro ma su hango."