Gawayin Maman Saratu

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar ba, ko da kuwa na so in manta, ranar da mai dafa wa ɗalibanmu abinci ta kashe ni har sau goma sha ɗaya a gaban iyayen yara. (Kada gabanku ya faɗi, ga ni da raina nake ba ku labari. Da gawayi ta yi aikin.)

Ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke gefen Malumfashi. Na koyi kareti lokacin da nake karatun malanta a Zariya, har na samu baƙin bel, ɗamarar ƙwararru, wanda nake ji da shi fiye da takardar shaidar karatun kanta. Da ƙwacen waya ya yi yawa a garuruwanmu, iyaye suka fara kuka, sai na je wajen Hajiya shugabar makaranta na ce ta ba ni yammacin kowace Laraba in koya wa yara kare kai. Ta ce, "Malama, kin iya dai ko?" Na yi wani irin murmushi na tausaya wa wanda bai san ni ba.

Ga yadda nake koyarwa. Yara su yi layi biyu suna fuskantar juna. Ɗaya ta riƙe wuƙar roba, ta miƙo hannu sau ɗaya tak, ta sandare kamar mai miƙa wa baƙo kwanon fura. Ɗayar kuma ta gota, ta kama wuyan hannun, ta murɗe, ta saka ƙafa, ta kayar, ta ƙwace wuƙar, ta yi ihu. Mataki bakwai cif, ni na tsara su, har a allo nake rubutawa. In mai kawo harin ta kuskura ta motsa kafin a gama, sai in daka mata tsawa: "Ke, tsaya mana! Haka ake kawo hari?" (Wai ni na san yadda ake kawo hari. Ni da tun da uwata ta haife ni ban taɓa faɗa da kowa ba, in ban da ƙanwata, shi ma a kan ƙanzo, kuma ita ta yi nasara.)

Cikin duk yaran da suka bi ta hannuna babu kamar Saratu, ɗiyar mai dafa abincinmu. Yarinya mai natsuwa, abin da ka nuna mata sau ɗaya ya zauna. Da ita nake misali kullum: "Ku dubi Saratu!" Ta gama makaranta ta tafi Funtua koyon ɗinki wajen wata gwaggonta. Kullum ina wuce mahaifiyarta a bakin madafa, in ce, "Maman Saratu, sannu da aiki," ta amsa, in wuce. Ban taɓa tsayawa na tambayi lafiyar yarinyar ba.

To, sai ranar taron iyaye da raba kyaututtuka ta zo, bayan an gama girbin masara, lokacin da kowa ke da sararin fitowa. Iyaye suka cika rumfa, daga Ƙarfi, daga Dayi, har da na Bakori. Na sa wa fararen kayana na kareti sitaci, na goge su suna ɗaukar ido, na ɗora farin hijabi, na ɗaure bel. Maigidana ma ya zo, ya samu wuri a gaba ya saita waya zai ɗauki bidiyo.

Yara suka yi nasu, aka tafa. Na fito na ƙwace wuƙar roba daga hannun ɗalibai uku a jere, aka tafa har da guɗa. Da a nan na tsaya da na koma gida da mutuncina. Amma tafi ya hau mini kai, na karɓi abin magana na ce, "Duk macen da take ganin wannan wasa ne, ta fito ta gwada ni." Na faɗa ne don na tabbata ba mai fitowa.

Sai na ga mutane suna waiwaye. Maman Saratu ce ke tahowa daga madafa, gajeriyar mace kakkaura, ta haura hamsin, tana goge hannu a zani. Na miƙa mata wuƙar robar ina dariya. Ta girgiza kai.

"A'a Malama, wannan ai ta wasan yara ce. Ga tawa nan." Ta buɗe hannu, sai ga guntun gawayi. "Duk inda ya taɓa jikinki, yanka ne ko?"

"Yanka ne, Mama," na ce, ina kallon jama'a ina kashe ido.

Na gyara tsayuwa ina jiran ta miƙo hannu. Ba ta miƙo ba. Ta cakumi wuyan rigata da hagu, ta cusa kai a ƙirjina, hannun dama kuwa yana shiga yana fita kamar allurar keken ɗinki. Ina laluben wuyan hannun nan da zan murɗe, ban ko gan shi ba. Ko mataki na farko ban kai ba, balle na bakwai. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba: "Tsaya, Mama! Ba haka ake yi ba!"

Ta sake ni, ta ja da baya, ta ce da murya mai ƙarfi, "Shi ma ɓarawon haka za ki ce masa?"

Rumfa ta kece da dariya. Maimakon in haƙura, sai na ce ban shirya ba, a sake. (Allah Ya raba mu da taurin kai.) Aka sake. Wannan karon ma ya fi muni, don ina ja da baya na taka ƙafar wandona na zauna daɓas a ƙasa. Da na miƙe na dubi jikina, farar rigar nan ta koma kamar bangon madafa: ciki, haƙarƙari, hannu, har wuya. Wani Alhaji, babban baƙon taron, ya gyara tabarau yana nuna ni da yatsa yana ƙirgawa a bayyane, mutane suna taya shi, har goma sha ɗaya. Na saci kallon maigidana, na ga ya sauke wayar a hankali ya zura a aljihu, ya shiga nazarin takalmansa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, ita Maman Saratu. Ta yar da gawayin ta koma bakin aikinta.

Ana tashi daga taro na bi ta madafa, raina a ɓace. Na same ta tana kwashe shinkafa. Na ce, "Mama, me na yi miki da za ki tozarta ni haka?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malama, yaushe rabonki da Saratu?"

Na fara lissafi a zuci, ta katse ni.

"Wata uku ke nan da abin ya faru," ta ce. "Da rana tsaka, a wani lungu bayan tasha, wani ya tare ta da wuƙa ya ce ta kawo waya. Da ɗiyata ta dā ce, miƙa masa za ta yi ta ruga. Amma ta yi makarantarki. Ta kai hannu za ta kama shi. Ya yanke ta a tafin hannun dama, jijiyoyi suka tsinke. Yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Ko almakashi ba ta iya riƙewa."

Na zauna a kan turmi. Da ƙyar na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Da na same ki a ofis, cewa za ki yi yarinyar ce ba ta yi daidai ba. Na so iyayen nan su gani da idonsu, kafin a yanke ɗiyar wani."

Kuma gaskiya ta faɗa. Abin da zan ce ke nan.

Washegari na hau mota zuwa Funtua. Na samu Saratu a shagon gwaggonta, zaune a gefe tana warware ɗinki da hannun hagu. Duk hanya ina shirya kalaman ban haƙuri, amma ta riga ni. Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Malama, ki yafe ni, na ba ki kunya. Na kama hannun yadda kika nuna, amma bai tsaya ba. Ina jin ƙafata ce ban ajiye daidai ba."

Dariyar jama'a ta jiya ba ta kai wannan maganar ciwo ba. Na riƙe hannun nata na ce, "Ba ƙafarki ba ce, Saratu. Ni ce na koya miki ƙarya, ni ma ban san ƙarya ba ce." Muka yi kuka tare har gwaggon ta rufe mana ƙofar shago. Har yau tana zuwa asibiti ana gasa mata hannun, yatsa ɗaya ya fara motsi, sauran biyun sai yadda Allah Ya yi.

Ban daina koyarwa ba, amma na goge matakai bakwai ɗin nan. Yanzu darasin farko shi ne: in kin ga wuƙa, jefar da wayar gefe guda ki ruga ɗaya gefen. Muna koyon lura da hanya, da tafiya biyu-biyu, da ihun da za a ji a ƙarshen layi. Kokawa sai in an riƙe ki babu mafita, ita ma da abokiyar da za ta riƙe ki da gaske, ba mai jin kunyarki ba. Yara da dama sun daina zuwa, wai aji ya daina daɗi tunda ba a tsalle a sama.

Abin da na koya, a makare, shi ne kada in sake koya wa ɗiyar wani abin da ban gwada shi a kan wanda ba ya tsoron in kayar da shi a jarrabawa ba. Gudun ma da nake wa'azinsa yanzu, ranar da muka fara gwada shi da zani da silifas, kamar yadda ake fita kasuwa, mu goma sha biyu ne muka yi tsere. Ni na zo ta tara.