Motar Yaya Hansai Ta Kama Shan Mai

A ƙauyen Rafin Kuka akwai wani gida na Hansai mai daddawa da ƙanenta Nomau. Nomau magidanci ne, har furfura ta fara fito masa a gemu, amma duk abin da aka ce ya yi, haka zai yi shi cif, kuma ba ya tsayawa sai an tsayar da shi. Hansai ta saya masa tsohuwar mota yana jigilar 'yan kasuwa. Mai ita na farko ɗan gayu ne, ya cire mata salansarta ya sa wata ƙatuwa mai ruri. Nomau yana son rurin nan kamar me.

Wata rana wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, motar kuma ta fara shan mai kamar an huda tankin. Hansai ta ce, "In ba ta daina ba sayar da ita zan yi, ka koma gona." Nomau ya garzaya wurin Sallau bakanike. Sallau ya ce, "Jeka da ita tukuna, amma kada ka ɗauke idonka daga fitilar nan." Nomau bai ɗauke ba. A cikin gonar dawar Malam Ilu aka tsamo shi, ya kwantar da kunya guda. Aka buɗe ƙofa, bai ko waiwayo ba, ya ce, "Ku gaya wa Oga har yanzu tana ci."

Wata rana Sallau ya jona 'yar na'urarsa a motar, ya duba, ya ce matsalar daga sansa take. Nomau ya ce, "Wane ne shi?" Sallau ya nuna masa wani ɗan ƙarfe kamar fulogi a jikin salansa. "Wannan ne ke shinshina hayaƙi. In ya ji iska ta yi yawa sai ya sa a ƙaro mai. Naka kullum cewa yake iska ta yi yawa. Amma ba ya aiki sai ya yi zafi, ka kawo min shi da zafinsa in gwada." Nomau ya koma gida ya kwance shi, ya jefa a tukunyar kalwar Hansai tana tafasa. Da ludayi ya kawo shi gareji, yana tururi. Sallau ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Ɗazu ban sani ba ko ya mutu. Yanzu na sani."

Aka sa sabo. Kwana biyu fitila ta dawo. Abin ya ɗaure wa Sallau kai: ya bi wayoyi, ya duba fulogai, ya tsaya yana susar ƙeya. Nomau kuwa ya tsuguna yana kallon sabon sansan, yana mamakin inda abin da ba shi da hanci yake jiyo iska.

Wata rana Sallau ya ce masa, "Da zarar ka ji ta canja murya, maza ka kawo ta." Ranar kasuwa Nomau ya cika ta da mutane da awaki, suna gab da shiga gari ta ɗan yi tari. Nan take ya yi kwana. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ga kasuwa can muna gani!" Ya ce, "Ku yi haƙuri Baba, ta canja murya." Suna isa gareji ta daina. Fasinjoji suka sauka suna Allah ya isa, Hansai kuma da ta ji labari ta aika a kira wani mai son sayen motar.

Ran da zai zo ta ce, "Ka wanke ta tas, sama da ƙasa, kada ka bar ko'ina." Nomau ya wanke ta da sassafe yana share hawaye. Ya gama sama, ya shige ƙarƙashi ya lafta wa salansa kumfar sabulu tun daga wuya har wutsiya. Sannan ya tayar da ita don ya gusar da ita rana, sai ya hango kumfa tana motsi, ya sake shigewa ƙarƙashi. Daidai nan Sallau ya iso da mai saye, suka tarar da ƙafafunsa kawai a waje.

Nomau ya ce, "Oga, zo ka gani. Wurin nan ba ya son sabulu, tofo shi yake yi."

Sallau ya durƙusa. A bakin waldar da aka haɗa ƙatuwar salansar, daf da sansan ta wajen inji, kumfa tana ta kumbura tana fashewa. Tsaga ce siririya kamar gashi, ta nan iska ke shiga.

"Ashe sansan nan duk gaskiya yake faɗa," in ji Sallau. "Hansai, ɗigon walda ne kawai."

Hansai ta ba mai saye haƙuri, ta ce Nomau ya fito haka nan.

"To, Yaya," ya amsa daga ƙarƙashi. "Saura cikin bututun. A miƙo min bokiti."