Jirgin Leda a Gonar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na ciyar da tsuntsayen fadamar Kebbe da shinkafar surukina ba. Ko yanzu in na tuna, zama gagarata yake yi, sai in tashi in yi ta zagaya tsakar gida ba dalili.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Tambuwal, kuma ina da ciwon da ba ya jin magani: in na karanta abu, hankalina ba ya kwanciya sai na gwada shi a kan wani. A wannan shekarar abin da ya faɗo hannuna shi ne tarihin jirgin leda, wannan dai da yara ke haɗawa da tsinken tsintsiya su ɗaura masa zare iska ta ɗauka. Ashe mutanen da ba wasa suka ɗauke shi ba. A ƙasar Sin da shi aka auna nisan ganuwar abokan gaba. Wasu da shi suka tsallakar da igiya hayin kogi kafin su gina gada, masunta kuma suka kai ƙugiya can nesa da gaɓa. Da na zo inda aka ce manoma na korar tsuntsaye da jirgin leda mai kamar shaho, sai na rufe littafin na miƙe tsaye. (Ban ƙarasa shafin ba. A riƙe wannan.)

Surukina, wanda nake kira Baba kamar yadda matata Saratu ke kiransa, manomin rani ne. Shinkafarsa saura kwana goma a yanka, ita ce abincin gidansa har kaka, ga jan-baki sun sa ta a gaba. Waɗannan 'yan tsuntsaye in sun taso sai ka ce hadari. Maganinsu tun kaka da kakanni shi ne a ratsa gona da igiyoyi, a rataya gwangwanaye masu tsakuwa a ciki, mutum ya zauna a rumfa yana ja yana ihu. Baba da kansa yake yi, har muryarsa ta dishe. Ni kuwa shekara shida ina auren 'yarsa, ban taɓa tsinana masa komai ba sai gaisuwar durƙuso da goron Sallah. Na ce ranar ta zo da zai san 'yarsa ta yi dacen miji.

Mako guda ban zauna ba. Na samo gwangwala, na farke buhunan taki huɗu na kai wa tela (yana ɗinki yana kallona ta gefen ido), na yi jela da tsofaffin zannuwan Saratu, na zana manyan idanu biyu da fenti. Da aka gama jirgin ya ƙi fita ta zaure, sai ta saman katanga. Na gwada shi a filin makaranta bayan azahar, iska na kaɗawa. Ya tashi! Ya ja ni taku ashirin, ya yanke mini tafin hannu, sannan zaren ya tsinke. Abin da na fahimta kawai shi ne ina bukatar igiya mai ƙwari.

Ina ɗaure shi a saman mota Saratu ta ce, “Malam, ka ko tambayi Baba wane lokaci tsuntsun ga ka zuwa?”

Na ce, “Saratu, ke dai ki yi mini addu'a. Iska ba ta da agogo.”

Na isa gonar gab da magariba, tsuntsaye sun tafi kwana. Na durƙusa na gaida Baba, na zuba masa tarihi tun daga ƙasar Sin, sannan na roƙi igiyoyin gwangwanayensa, don su ne masu ƙwarin da nake nema. Ya daɗe yana kallon idanun fentin nan.

“Igiyoyin ga dut kaka so, Malam?”

“Duka, Baba. Gobe hutawa za ka yi.”

“To. Kai ad da boko.”

Da ɗansa ne, da ya daka masa tsawa. Amma mutum ba ya ja-in-ja da mijin 'yarsa, ni kuwa na ɗauki kunyarsa a matsayin yarda. Na kwance igiyoyin kaf, na ƙulla su wuri guda, na tara gwangwanayen a gindin giginya.

Muna idar da sallar asuba muka nufi gona. Labari ya riga mu, maƙwabtan gona sun leƙo kallo. Na jiƙa yatsa na ɗaga sama. Shiru. Na sake jiƙawa. Ko ganye ɗaya ba ya motsi a duk fadamar. Can sai na ji wani sauti kamar ruwa na tahowa daga nesa, kowa ya ruga rumfarsa.

Na saɓa jirgin na kwasa da gudu kan gaɓar ruwa. Na sake shi, ya kifa. Na ɗauka, na juyo, na sake kwasa, yana bina a ƙasa yana kwantar da shinkafar da na zo ceto. Nan maƙwabta suka fara jan igiyoyinsu, fadama ta ɗauki ƙara gabas da yamma. Gona ɗaya ce tak ba ƙara, kuma jan-baki ba wawaye ba ne. Duk wanda aka koro daga ko'ina, wurinmu ya sauka. (Wasu har a kan gwangwalar shahon nawa suka zauna, suna hutawa.)

A gudu na biyar santsi ya kwashe ni na faɗa magudanar ruwa. Na taso taɓo har kunne, na tuɓe riga ina kaɗawa, ina “Haa! Haa!” kamar mai taɓin hankali. Na ji dariya daga gonakin gefe, amma ba ita ta kashe ni ba. Waigawar da zan yi, sai na hango Baba, tsoho mai furfura, da gwangwani a kowane hannu, yana tuntuɓe cikin shinkafarsa yana buɗe baki muryar ba ta fita. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai da hantsi muka gama mayar da igiyoyin. Kusurwar gabas ta zama kara tsirara, ba ƙwaya ko ɗaya.  Da azahar, tsuntsaye sun ƙoshi sun koma inuwa, sai ga iska ta taso, jelar jirgin ta fara rawa. Baba ya dube ta, ya dube ni, ya ce da dasasshiyar murya, “Malam, ga baƙuwakka ta iso.”

Sauran kwanakin a rumfar na yi su, ina jan igiya ina ihu har tawa muryar ta tafi. Jirgin kuwa shi muka yi rufi da shi, kuma gaskiya inuwarsa ba laifi. Da na koma Tambuwal na buɗe littafin. Layi biyu a ƙasan inda na tsaya an rubuta cewa a kan doguwar sanda ake ɗaure shi, saboda lokacin da iska ta ɗauke.

Bayan girbi Baba ya aiko mana da buhun da ya saba aikowa duk shekara, cike taf, ko tiya bai rage ba, alhali na san abin da ya rage a rumbunsa. Saratu ta dafa ta ajiye a gabana, na ture kwanon gefe. Tun ranar nake ƙarasa shafi kafin in miƙe, kuma in dattijo ya ce mini “kai ad da boko,” sai in koma in zauna in tambaye shi abin da ya sani.