Fuskar Jitar da Na Yanka a Baibai

Ko zan manta da komai a sana'ata, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, ranar da na tara mutane da bakina a ƙofar shagona da ke Gyaɗi-Gyaɗi don su ga gwaninta, suka zo suka ga abin da Allah ya nuna musu.

Ni kafinta ne, na kusa shekara ashirin ina yin gadaje da kujeru da durowa. Hannuna yana da kyau, wannan ko maƙiyi ya sani. Matsalata ɗaya ce, ni ma na sani, kuma ba na gajiya da faɗa.

Wata Litinin wani matashi mai suna Nura ya sauko daga adaidaita sahu, rungume da jita irin mai amfani da lantarki, da wani tsohon katako a hammata. Ma'aikacin jinya ne a babban asibitin da ke kusa da mu, kiɗan kuma sha'awa ce tun yana makaranta. Ya nuna mini wani fallen roba da ke ɗaure a gaban jitar, wanda ke kare jikinta daga karcewa idan ana kaɗawa. Robar ta tsage biyu.

"Oga, irin wannan nake so ka yi mini, amma da katakon nan," in ji shi. "Murfin akwatin Hajiyarmu ne, Allah ya jiƙanta. Ranar Asabar za a yi liyafar bikin ƙanwata a Tarauni, ni zan yi mata kiɗa. Ina so a ce akwai wani abu na Hajiya a wurin."

Na karɓa na duba. Maɗaci ne tsoho, ja jawur, irin wanda yanzu ko a kasuwar katako sai an sha yawo. Gefensa duk gara ta ci, lafiyayyen wurin da ya rage bai wuce na yanka ɗaya ba. Nura ya kwance robar, ya ce zai bar mini jitar don in riƙa gwadawa.

"Tafi da kayanka," na ce masa. "Idona ma'auni ne."

(Ban taɓa riƙe jita ba a rayuwata. Ko a lokacin da nake wannan maganar, a juye na riƙe ta.)

Da ya tafi na kifa robar a kan benci, na haɗa tsagar da salatef ta baya. Yadda take a kifen nan na ɗauke ta, na ɗora a kan kyakkyawar fuskar katakon, na zagaye da fensir. Gado dai ba ruwansa da hagu da dama, to kaina bai kawo komai ba.

Kwana uku na yi a kan abin da bai fi faranti girma ba. Na rage kaurin katakon har ya koma kamar kwali. Na fitar da ramuka uku na maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, na huda gurbin maɓallai da na sukurori, na goge da samfefa, na shafa mai sau biyar. Fuskar nan ta yi ƙyalli har ina ganin haƙorana a ciki. Daɗi ya ɗebe ni na juya bayansa, inda na tabbata ba mai gani har abada, na rubuta da biro, da manyan baƙaƙe: AIKIN GWANI NE, BA NA ƊAN KOYO BA.

Ranar Juma'a tun a hanyar masallaci na fara gayyata. Bayan la'asar kuwa ƙofar shago ta cika: mai shayi, direbobin adaidaita biyu, Nura da jitarsa da abokan aikinsa su uku da fararen kayansu, sai maƙwabcina Baba Sale tela, dattijon da kullum nake tsokana cewa aikinsa ba aiki ba ne, tunda yadi ba ya gardama.

Na yaye ƙyallen da na rufe aikin da shi. Aka yi ta "Masha Allah". Na ɗauka da yatsa biyu na ɗora a kan jitar.

Bai zauna ba.

Tsinin katakon mai kama da ƙaho, wanda ya kamata ya kalli ƙasa, yana kallon sama. Gurbin maɓallai ya koma inda babu maɓalli ko ɗaya. Na karkata shi, na matsa, na ja baya na ƙanƙance ido. Nura katakon kawai yake kallo, kuma wallahi kallon nan ya fi zagi ciwo, don na san babu wani murfin akwatin a duniya.

Maimakon in yi shiru, sai na ji bakina yana cewa, "Malam Nura, anya wannan ce jitar da ka kawo ranar Litinin? Kayan kamfanin nan wani lokaci a karkace suke zuwa."

"Oga, jita ɗaya gare ni," ya ce a hankali.

Baba Sale ya gyara tabarau ya leƙo. "Kafinta, a baibai ka yanka. Mu ma yana samunmu, ka wayi gari da hannun riga na hagu guda biyu. Kifa shi mana mu gani."

Na san abin da ke bayan. Na ce ai ba a kifa irin wannan aikin. Ya miƙo hannu ya kifa da kansa. Katako ya zauna daram, kowane huji a kan ɗan'uwansa, ko gashi ba zai ratsa ba. A tsakiyar jitar kuma ga rubutuna ɓaro-ɓaro. Mai shayi, wanda ban taɓa sanin ya iya karatun boko haka ba, ya karanta wa jama'a da ƙarfi, har da maimaici. Ɗaya direban sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Na so benci ya buɗe in shige.

Amma fa ku lura, ya zauna daram. A cikin kunyar ma wannan ne ya fara faɗo mini a rai.

Na ce Nura ya bar mini jitar zuwa safiya (wannan karon har da "don Allah"). Asabar da sassafe na hau goge biron. Katakon ya riga ya yi siriri, kuskure kaɗan zai tsage, don haka da bismilla nake kowace shafa. Rubutun ya fita. Ƙirar da ta bayyana a ƙarƙashinsa ta fi ta gaban kyau nesa ba kusa ba, duhu-duhu mai layi-layi. Sai kuma wani ƙamshi ya tashi. Ashe wannan ɓangaren shi ne cikin akwatin, ya shekara da shekaru yana shan turaren kayan Hajiya.

Da Nura ya zo ban shafa mai ba tukuna, na miƙa masa. Ya kai hanci, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Oga, kada ka shafa masa komai. Bar shi haka."

Da yamma na je liyafar, ni da Baba Sale a adaidaita ɗaya, ni na biya. Nura ya yi kiɗa, amarya ta sa aka kawo mata jitar har inda take zaune, ta rungume ta tana kuka, kwalliya duk ta ɓaci. Mai gabatarwa ya kira sunana a lasifika, na miƙe na ɗaga hannu biyu kamar wanda ya ci zaɓe. Kafin a tashi, makaɗa biyu sun karɓi lambata, ɗaya daga Hotoro, ɗaya daga Unguwa Uku. Yau a unguwarmu in ana neman mai yi wa jita fuskar katako, shagona ake nunawa, har ina ba mutane shawarar wane itace ya dace da wane launi.

Na dai koyi abu biyu. Duk aikin da zan nuna wa jama'a, sai na fara gwada shi ni kaɗai, ƙofa a rufe. In kuma yabon kai ya taso mini, ya zama dole sai na rubuta, to da fensir nake rubutawa.