Barkonon Taurari

Na rantse sai ɗalibaina na Suleja sun gani da idonsu yadda iskar da ke fita daga faifan gas mai kewaya tauraro take ƙara masa ƙarfin maganaɗisu. Na ɗauko faifan matata, na ɗora maganaɗisu a tsakiya, na barbaɗa garin barkono, don shi ne ja kamar gas mai zafi. Na kunna fanka, babu wuta. Na bar ta a kunne, na ce ko da baki zan hura.

Ina tsaka da bayani aka kawo wuta.

Shugabar makaranta ta leƙo da jin ihun ɗalibai, ta koma tana atishawa da hawaye.

Har yau mai barkono a kasuwa yana tambayata, "Malam, na miya ko na taurari?"