Malam Ba-Saura

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan manta ranar da na fara cin abinci a gidan surukaina ba.

A farkon shekarun tamanin ne, ina malamin Turanci a wata firamare a Yerwa, ina ji da kaina ƙwarai. A makon ma na koya wa ɗalibaina kalmar Turanci mai nufin "saura" ciki da waje: abin da ya rage, da wanda ya tsaya bayan kowa ya tafi. Har hedimasta ya yaba. (Da bakina na kai wa Yagana, wadda nake nema, labarin, don ta san wa ta samu.)

Ran Juma'a mahaifinta, Baba Modu, ya kira ni gidansa a unguwar Gamboru don ya ga kamun ludayina. Maganar aurenmu tana hannunsa. Aka yi mini shimfiɗa a zaure, aka kawo ƙaton kwanon burabusko da miyar kuka, man shanu na yawo a kai.

"Bismilla, Malam, fara. Ina zuwa," in ji Baba.

Ni kuwa tashin makarantar kwana ne, inda barin loma a kwano laifi ne. Na ɗauka gwajin ke nan. Na naɗe hannun riga, ina gumi ina nishi, har na ga bayansa. Na suɗe kwanon tas, na mayar da faifai na rufe.

Sai ga Baba da ƙannensa da maƙwabcinsa. Suka wanke hannu, suka kewaye kwanon. Ashe abincin mazan gidan ne gaba ɗaya! Baba ya ɗaga faifai, ya dubi kwano, ya dube ni.

"Malam, ba saura?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. A raina na ce shi ke nan, na cinye aurena.

Sai muryar mahaifiyar Yagana daga cikin gida: "Alhaji, shekara nawa ina girki kuna maido mini da rabi? Yau na samu wanda ya san hannuna. Ni dai na ba shi!"

Dattawan suka yi ta dariya har da hawaye. Bayan Sallah aka ɗaura.

Har yau Malam Ba-Saura ake kirana a Gamboru, kuma da ƙarfi nake amsawa. Na dai koyi cewa in an ce ka fara, ka tambayi su wa za su ƙarasa. Amma kwanon surukata, har ta bar duniya ban taɓa mayar mata da ko loma ɗaya ba.