Nomau da Man Shafawa

A ƙauyen Tudun Gawo akwai wani mutum ana ce da shi Nomau. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai magana in ta shiga kunnensa yadda aka faɗe ta haka yake aikata ta. Yana zaune da matarsa Kuluwa, mace mai son gyaran jiki, da tsohuwarsa Iya Tabawa.

Wata rana faso ya dami Iya har ba ta iya taka ƙasa. Kuluwa za ta rijiya, sai ta miƙa wa Nomau kwalbar man shafawarta, ta ce duk inda ya ga ya tsage ya cusa masa mai. Nomau ya duba bangon ɗaki ya ga tsaga, ya cusa. Ya cusa wa turmi, ya cusa wa tsohuwar randa. Kafin ya iso ƙafar Iya kwalba ta ƙare.

Kuluwa ta dawo ta tarar da tururuwa sun yi layi a bango, Iya tana zaune da fasonta.

Nomau ya ce, "Tsagar bango ta fi girma, shi ya sa na fara da ita."

Wata rana kuma ya je kasuwa ya sayo mata wani. Mai kanti ya yi ta kuranta man, wai da madara da zuma aka haɗa shi, yana ciyar da fata. Nomau ya yi tunani a hanya, ya ga ai duk abin da ake ciyarwa ta baki ake ba shi. Ya iso ya tarar an dama wa surukinsa da ya zo baƙunta koko, ya matsa rabin man a ciki ya gauraya. Dattijo ya kurɓa, ya sake kurɓa saboda kunya. Ranar yini ya yi yana zarya bayan gida, in ya yi gyatsa sai ƙamshin turare.

Wata rana bikin ƙanwar Kuluwa ya matso. Wata mai talla ta zo da haɗin mai a robobi marasa suna, ta ce kafin biki mace za ta yi fes. Kuluwa da ƙawayenta suka saya. Ta ajiye nata sai ta gama shirye-shiryen biki ta fara shafawa, ta ja wa Nomau kunne.

"Maigida, wannan na ƙara haske ne. Kada hannunka ya taɓa shi."

Da ta fita, Nomau ya dubi ɗakinsu ya ga duhu ko da rana tsaka. Ya ɗauko ludayi, don kada hannunsa ya taɓa, ya kwashe man tas ya lafta wa ƙyauren ƙofa. Ya zauna yana jiran haske.

Da Kuluwa ta dawo ta gani, ta yi kuka har idonta ya kumbura. Mai talla ta riga ta wuce, dole ta tafi biki da fuskar da Allah ya ba ta. Can ta tarar da ƙawayenta a ƙuryar ɗaki, kowace ta rufe fuska da gyale. Man ya ƙone su, kumatu sun yi jawur, fata tana saɓulewa. Ita kaɗai ta shiga hoto da amarya.

Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. Fentin ƙyauren ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon rogo. Ta shafa kumatunta.

Nomau ya ce, "An cuce ki, Kuluwa. Ɗakin nan ko ɗigon haske bai ƙara ba."

Mata suka tambaye ta yadda aka yi ta tsira, ta ce maigidanta ne ya fara gwadawa. Tun daga nan duk matar da ta sayi sabon mai a Tudun Gawo sai ta kawo wa Nomau tukuna. Shi kuma ya ɗauko ludayinsa, ya shafa wa ƙofa, ya ce ta dawo jibi.